Kokon Albasa Goma Sha Biyu

Lorna ta dire takardar odar irin masara a teburin kicin, kusa da kokon albasa goma sha biyun da mahaifinta, Wendelin, ya jera jiya da yamma, ya barbaɗa wa kowanne gishiri. Safiyar sabuwar shekara ce. Kowane koko, wato ɓarin albasa mai zurfi, yana matsayin wata ɗaya ne na shekara: wanda ya tara ruwa, watan ruwa ke nan, wanda ya bushe kuwa fari.

Ta leƙa kokon Yuni da na Yuli. A bushe ƙayau!

Ranta ya ɓaci. Shekara huɗu ta yi tana karatun noma a birnin Fargo, mako uku tana nuna wa tsohon nan taswirar danshin ƙasa, amma gonar da sunansa take, kuma ya rantse ba zai sa hannu ba sai albasa ta yi magana, kamar yadda ta yi wa kakansa. Gobe dillalin iri zai rufe oda. Masara kuwa sai da ruwan Yuni da Yuli, in albasa ta ce fari, alkama tsohon zai zaɓa. In aka sake shuka alkama bana, ta riga ta yanke shawarar komawa birni.

Tsohon yana can falo yana ɗaga matasan kujera, yana faɗan wa ya taɓa masa tabarau.

"Mama, ki duba fa," in ji Lorna. "Abin miya ne zai kore ni daga gidan ubana."

Mahaifiyarta, Delphine, ta matso kusa da teburin. Ta tsoma ƙaramin cokali a butar shayi, ta ɗiga wa Yuni ruwa, ta ɗiga wa Yuli, ta ɗan yi tunani ta ƙara wa Agusta kaɗan. Sannan ta zaro tabarau daga aljihun rigarta, ta ɗaga murya ta ce ga shi nan a kan firij.

Wendelin ya shigo, ya sunkuya ya bi kokunan ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Ya ce bana ruwa sai wanda ya gani, a kawo biro.

"Kin gani ko, malamar gona? Da kin tambayi albasa tun farko, da ba ki wahalar da kanki da zane-zane ba."

Ya sa hannu, ya fita ba shanu ciyawa yana fito.

Lorna ta daɗe riƙe da takardar. Ta samu abin da take so, amma takaici ya hana ta murna.

"Tun yaushe, Mama?"

"Tun kafin a haife ki." Delphine ta goge cokalin, ta miƙa mata. "Baɗi ke za ki yi. Hannuna ya fara rawa."