Kaya a Kafaɗar Hagu

Ranar wata Laraba a 1988 ruwan farko na shekara ya sauka a Minna tun da hantsi. Ƙamshin ƙasa ya cika ajin zane da ke Bosso, Shekwolo kuwa, ɗalibin shekarar farko, ya ja kwali ya kama fenti.

An ce kowa ya zana mahaifiyarsa. Tasa ta rasu yana ɗan shekara biyar, ba hoto, ƙauyen da aka binne ta ma ruwan dam ya shanye shi. Ya yi ta laluben fuskarta a ransa, ko hancinta bai samu ba. Sai ya zana mace ta ba da baya tana hawan tudu, ƙwaryar doya a kafaɗa irin ta matan Gbagyi.

Malam Tsado, malamin zane, ya leƙo. "Kowa ya kawo fuska, kai ka kawo mana ƙeya? Ko bashi take gudu?"

Aji ya fashe da dariya. Shi ba dariyar ta dame shi ba. Tsoronsa kada ya zama wata mace kawai ya zana yake kiranta uwa.

Ranar Asabar ya naɗe kwalin ya kai wa Inna Azumi, ƙanwar mahaifiyarsa, inda take kasa doya a kasuwa. Ta goge hannu a zani ta karɓa. Mai ciniki na ta magana, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Wa ya faɗa maka?"

"Me, Inna?"

"Hagu. Mu duk gidanmu a dama muke ɗauka. Ita ta faɗo daga ɗorawa tana yarinya, kafaɗar dama ta karye. Ko babanka bai san wannan ba."

Ya dubi hannunsa kamar na aro ne.

"Jummai ce, mahaifiyarka," in ji ta. Ta ɗora yatsa a gefen da ya bari fari, tana bi a hankali, tana faɗa masa abin da ke can ƙarƙashin ruwa: gida goma sha ɗaya, rumbu ashirin da uku, ɗorawa biyu, kabari tara, na Jummai ne na ƙarshe.