Mutumin da Ke Tsere da Shanunsa

Ranar Talata ce, farkon Satumba, mako bakwai rabon da a ga ɗigon ruwan sama, Enos Tackett ya shigo wata gunduma ta Indiana a kan alfadarinsa. Ganyen masara ya nannaɗe, ƙananan rafuka sun zama duwatsu. Cikin kurmi ne kawai ƙasa ke da sanyi, inda wani tsiro mai farin fure ya rufe gindin itatuwa har gwiwa.

Mahaifinsa ne ya aiko shi daga Carolina, don gonarsu ta can ta gaji, ko wake ba ta yi. Tsohon ya ce ya duba abu huɗu: ruwa, ƙasa, itacen gini, maƙwabta. In ya ce a zo, gida biyu za su taso, nasa da na wansa Amos. Enos ya riga ya ga gunduma biyar a Indiana ya ƙi su. Takalminsa ya mutu, kuma kunyar komawa hannu rabbana ta fara cin sa.

A gidan wani dattijo, Gideon Purdy, ya sauka. Purdy ya zaga da shi ko'ina. Ya nuna masa idon ruwa uku da fari bai taɓa su ba. Ya soka masa sanda a ƙasa, ta shige kamar cikin gari, ta fito baƙa wuluk. Ya ce iyali goma sha ɗaya ne a yankin, in sun kai ashirin gwamnati za ta yanko musu hanya, a kafa wurin niƙa. Abin da suka rasa kawai mutane.

Da safe Enos ya ga abin dariya. Kafin a yi tatsa, Purdy ya ɗauki tsumagiya ya kori shanunsa biyu, ya bi su da gudu yana zagaya shinge har gumi ya jiƙe su duka ukun. Sannan ya tsaya, ya ƙura wa ƙafafunsu ido, bai ko ƙifta ba.

"Kawu Gideon, tsere kake koya musu? Wa ya ci yau, kai ko su?"

"Kullum su ke ci, ɗan Carolina," in ji Purdy yana haki. Ya ce ƙiba ce ba ya so ta kama su. Bai yi dariya ba.

Akwai wasu abubuwan kuma. Shanun kowa a yankin suna kulle a fili ƙeƙasasshe suna cin kara, ga kurmi kore shar a bayan gida. Aka ce saboda kyarkeci ne. A gida huɗu ya ci abinci, gurasar masara da naman alade da zuma, ba wanda ya ajiye man shanu. A kan tudun bayan gidan Purdy akwai kaburbura uku, shekarun da aka sassaƙa a katakon daban-daban, watan kuwa ɗaya ne, Oktoba.

Ranar da zai tafi, Keziah matar Purdy tana ɗaure masa guzuri ta tambaye shi ko yana da ƙananan yara. Ya ce akwai Ruhama, ba ta kai biyu ba. Matar ta buɗe baki, sai mijin ya shigo yana tambayar inda ta ajiye masa gatari. Ta ja igiyar ƙunshin har ta tsinke.

A hanya Enos ya yi ta juya abin. Mahaifinsa abu huɗu ya lissafa, huɗun kuma sun cika. Ba a ce masa ya ƙirga man shanu ba. Da ya isa gida ya ce a taso, ya kuma ba su labarin tsohon da ke tsere da shanu, aka yi ta dariya.

Sun iso a watan Afrilu da keken doki biyu da shanu biyar. Maƙwabta suka taru suka kafa musu ɗakuna cikin kwana uku, ana waƙa. Masara ta yi tsawon da Amos bai taɓa gani ba. Mahala matar Enos ta ce ko don wannan ta yafe masa wahalar hanya.

A watan Agusta ruwa ya sake ɗaukewa. Ciyawar fili ta ƙone. Enos ya yi abin da kowa ke yi a Carolina tun kakanni: ya ɗaura wa babbar saniya ƙararrawa ya saki garken cikin kurmi. Suna dawowa da yamma cikinsu fam, hantsarsu cike. Purdy ya wuce sau ɗaya, ya ji ƙararrawar daga cikin itatuwa, ya tsaya jim, ya ce gara dai a riƙa kulle dabba. Enos ya ce bai ga kyarkeci ko ɗaya ba tun zuwansa. Dattijon ya gyara hularsa ya tafi.

Maraƙi ne ya fara. Wata safiya ya tsaya a tsakar gida ƙafafunsa na rawa kamar mai jin sanyi, da rana ya faɗi matacce. Kare ya ci naman, kwana biyu ya bi shi. Uwar maraƙin kuwa ras take, tana tuƙa, tana ba da madara fiye da kullum.

Keziah ta zo a guje ba ko mayafi. Ta wuce Enos, ta shiga ɗaki ta kifar da ƙwaryar madarar da ke kan tebur.

"Ka kori shanun nan? Ka taɓa korarsu ka ga ko za su yi rawa?"

Ta ce saniya mai tatsa ba ta nuna ciwon sai an gajiyar da ita, don ta nono yake fita. Ba wanda ya san mene ne, wasu sun ce raɓa ce, wasu sun ce wani abu ne da ke tsirowa a inuwa. Abin da aka sani, kurmi ne, da fari, da kaka. Kaburburan tudu na mutanen gidanta ne.

"Inna Keziah, bara fa na zauna a teburinki."

"Ƙwarai ka zauna," ta ce. "Iyali ashirin muke nema."

Enos ya ɗauki tsumagiya ya kori babbar saniyar. Ba ta zagaya shinge sau biyu ba ta tsaya, jikinta duka ya ɗauki kyarma. A cikin ɗaki Ruhama ta fara amai, bakinta na wani irin wari mai zaƙi-zaƙi. Tun safe ta shanye kofinta na madara, ta nemi ƙari, aka ba ta.

Kafin ƙanƙarar farko ta sauka, gidan Tackett sun rasa maraƙi biyu, kare ɗaya, shanu huɗu cikin biyar, da Amos, da matarsa, da Ruhama. Mahala ma ta kwanta, ta tashi, amma ba ta ƙara iya ɗaukar bokitin ruwa ba. Iyalan yankin, da suka kai goma sha uku da zuwansu, suka zama goma sha biyu.