Barima Mai Hanzari

Matakala bakwai ne tsakanin barandar gidan Casimir Wojtala da ƙasa, kuma tun da ɓarin jikin matarsa Loretta ya shanye, matakalan nan suka zama abin faɗa. 'Yarsu Noreen ta kafe a kan a kai mahaifiyarta gidan kula da tsofaffi a garin Oshkosh. Shi kuwa ya ce sai dai bayan ransa. Shekara arba'in da ɗaya yana sassaƙa ƙarfe, a ce ya kasa ƙera abin da zai hau da keken guragu baranda?

Dabarar ba wuya. Doguwar sandar ƙarfe ce a tsaye, an yanka mata barima tun daga sama har ƙasa. Inji ya juya ta, noti ya bi barimar ya hau, ya ɗago dandamalin da keken yake kai. Ta farko da ya yanka mai layi ɗaya ce, wadda ke hawa a hankali. Minti biyu cur take ci, a tsakiyar hunturun Wisconsin.

"Kaz," in ji Loretta daga cikin bargo, don haka take kiransa, "kafin mu kai sama ai na zama ƙanƙara. Da bikinmu ma haka ka yi ta jan ƙafa."

Wasa take yi, amma maganar ta soke shi, don mutum ne da ba a taɓa masa aiki ya haƙura. Ya koma gareji ya yanka wata mai layi huɗu, mai miƙaƙƙen hawa. Daƙiƙa talatin, an kai.

Delbert, wanda suka tsufa tare a ma'aikata ɗaya, ya zo shan kofi, ya shafa sandar da babban yatsa, ya taɓe baki.

"Kai tsoho, ka fara ruɗewa ne? Mai layi ɗaya ko an kashe inji tana riƙe kanta. Wannan kuwa nauyi ne zai murɗa ta ta sulalo. Ina birki?"

"Na gwada da buhun yashi huɗu, ko gezau."

"A wannan sanyin? Giris ne ya daskare ya riƙe maka."

"Birki yana nan tafe. Ci kek ɗinka ka bar ni."

Ya san Delbert ne da gaskiya, abin da ya fi cin ransa ke nan har yau. Shi da kansa ya koya wa mutane wannan. Amma abu yana aiki, Loretta tana dariya tana cewa ta hau jirgi, sai batun birki ya zama na gobe, gobe ta zama jibi.

Ran Lahadin farko ta Mayu suka dawo daga coci, gari ya yi ɗumi, giris ya saki. Saura taki ɗaya dandamalin ya kai baranda, bel ɗin injin ya tsinke. Casimir yana tsaye, yatsansa a kan maɓalli, ya ga sandar tana juyawa baya da kanta. Ya kai hannu, bai kama komai ba. Keken ya daki ƙasa ya kife, ƙugun Loretta ya karye.

A asibiti Noreen ba ta ɗaga murya ba. "Baba, an ba mu ɗaki a Oshkosh," ta ce. Wannan karon bai yi musu ba.

Duk da haka ya tono tsohuwar sandar mai layi ɗaya daga ƙarƙashin benci, ya wanke ta, ya mayar. Ya ɗora buhu shida, ya cire bel ɗin gaba ɗaya, ya bar dandamalin a rataye a tsakiya. Mako uku bai sauka ko da faɗin gashi ba.

Da ya je dubiya ya faɗa wa Loretta. Ta dafa hannunsa da hannunta mai lafiya.

"Minti biyu ne fa kawai, Kaz," ta ce. "Ina muke sauri zuwa?"

Ya dawo gida da yamma, ya kwashe buhunan, ya mayar da bel ɗin, ya sauko da dandamalin ƙasa, ya tsaya a kansa shi kaɗai, ya danna maɓalli. Bai taɓa sanin minti biyu yana da tsawo haka ba.