Jar Fitila Guda a Allon Majalisa

Ina da shekara hamsin da biyu, da tumbi, da shagon kayan gyaran tarakta, amma da Malama Verna Skoglund ta leƙo ofishina ta ce, "Duane, tofar da cingam ɗin nan," sai na ji na haɗiye shi.

Satina uku ke nan a majalisar jiharmu. Ita ta shekara goma sha huɗu a ciki. Mazaɓarmu kujera biyu gare ta, ɗaya tawa, ɗaya tata. Kafin nan ta yi shekara ashirin da shida tana koyarwa a ƙauyenmu, Tolvik, inda ta yi fama da ni a aji biyar, har sau biyu. Ranar da ɗan majalisarmu na lokacin ya ce hutu ya yi wa malamai yawa, ta ajiye alli, ta tsaya takara, ta ba shi nasa hutun. Yanzu ita ce shugabar jam'iyyarta a zaure. Sai dai tamu jam'iyyar ce mai rinjaye, kuma duk abin da ya zo da sunanta, ko addu'a ce, kashe shi muke yi.

Ta ajiye takarda a gabana. "Za a rufe makarantar Tolvik da kaka. Yara talatin da ɗaya za su riƙa yin awa ɗaya da rabi a bas, cikin ƙanƙara. Wannan ƙudurin zai hana. Kai za ka gabatar."

"Malama, ni fa ba ɗan jam'iyyarki ba ne."

"Ai shi ya kawo ni. Ka taɓa gabatar da ƙuduri?"

"A'a."

"Madalla."

Ruwa ba ya tsami banza. Majalisarmu tana da wata al'ada da ta girme mu duka. Ranar da sabon shiga ya kawo ƙudurinsa na farko, sai a tsayar da shi a yi ta yi masa tambayoyin shaƙiyanci, sannan kowa ya danna jan maɓalli na ƙin amincewa, allon bango ya koma kamar garwashi. Idan an ga ya kusa suma, a fashe da dariya, a koma kore. Ba a kashe ƙudurin farko. Shi ya sa sababbi kan kawo abin da ba ya cizo. Sabon shigan bara, kifin da zai zama alamar jiha ya sa aka zaɓa.

Kwana huɗu tana horar da ni a ɗakin cin abinci. "Ɗaga kai. Cire hannu daga aljihu. Da takalminka kake magana?"

Royce Bauer, shugaban jam'iyyarmu, ya tare ni a bakin lif. "Me tsohuwar nan ke nema a wurinka?"

"Wai har yanzu ban iya karatu ba, ranka ya daɗe."

"To, ba ta yi ƙarya ba. Ƙudurin naka na mene ne?"

"Na... bas."

"Bas ma abu ne," ya ce, ya shige.

Ranar Alhamis da hantsi na miƙe, na gabatar da ƙudurin. Wani ya nemi in faɗa wa zaure tayoyi nawa ne a bas. Wani ya ce, "Ya Kakaki, shin mai ƙudurin ya taɓa shiga makaranta, ko dai labarinta ya ji?"

"Ni shaida ce ya shiga," in ji Malama daga kujerarta. "Abin da ya fito da shi ne ban sani ba."

Ana cikin shewa na hango Royce ya saka tabarau, ya buɗe takardar a karon farko. Ya karanta, ya dube ni, ya dubi Malama. Ita kuwa tana goge wani abu da babu shi a hannun rigarta.

Kakaki ya buɗe na'urar ƙuri'a. Allo ya yi jawur. Aka yi dariya, amma 'yan ɓangarenmu suka waiwaya wajen Royce, shi kuma ya naɗe hannu. Dariyar ta fara sanyi. Na tuna hanyar nan da bas zai bi, wadda ko taraktata ba na yarda ta bi a Janairu.

Wani dattijonmu mai shekara tamanin da ɗaya, wanda bai karanta komai ba kuma yunwa ta dame shi, ya ce, "Kai, ku ƙyale yaron haka!" Ya danna kore. Na kusa da shi ya bi, sai layin gaba ɗaya. Royce ya ga saura kaɗan ya shiga tarihi a matsayin mutumin da ya fara kashe ƙudurin farko. Ya danna kore kamar mai haɗiyar maɗaci.

"Tasa'in da uku sun amince," in ji Kakaki, ya buga guduma. "Ɗaya ya ƙi."

Na ɗaga kai in ga wane marar imani ne. Jar fitilar tana gefen sunana. Ashe da na ga kowa na danna ja, hannuna ya bi jama'a, tsoro kuma ya mantar da ni sauran.

Majalisar dattawa ta amince, gwamna ya sa hannu, makarantar tana nan a buɗe. Jaridar gundumarmu ta buga labarin a shafin farko, da hoton mutum guda a duk faɗin jihar da ya nemi a rufe ta. Matata ta yi kwana uku tana miƙo mini abinci ba magana.

Na sami Malama a wurin ajiye motoci, tana kankare ƙanƙara daga gilashi. Na karɓa na kankare mata.

"Malama, don Allah ki faɗa wa mutanen Tolvik kuskure ne. Ke za su yarda da ke."

"Zan faɗa musu mana, ɗana," ta ce, ta tayar da mota. "Bari dai a gama zaɓe."