Tumbin saniya a taron iyaye

Mahaucin ya shekara ashirin da biyu yana feɗe shanu, don haka da Auta, ƙaramar 'yarsa, ta dawo daga makaranta gwiwoyinta sun yi jajir, ta faɗa masa dalili, sai ya ɗauka bai ji daidai ba.

"Sake faɗa mini."

"Malamin kimiyya ya ce cikin saniya jaka biyu ne. Na ce huɗu ne, na gani a wurinka. Ya soke mini amsar, kuma ya sa ni durƙuso a tsakar rana har aka tashi."

"Saboda kin faɗi gaskiya?"

"Saboda doka ta tara, Baba. Ɗalibi ba ya musu da malami."

Matarsa ta ce ya bar maganar, kada a sa wa yarinya ido. Ranar taron iyaye da malamai ya tashi daga mayanka da bokiti a hannu, ya rufe shi da buhu, ya shiga ɗakin taron ya zauna a bencin baya.

Awa ɗaya da rabi aka yi ana maganar safa. Shugaban makarantar yana son fara tas, wata uwa ta ce mai ratsin shuɗi ta fi jure datti. Aka koma kan tsawon farce, daga nan aka shiga gardamar ko a ce wa baƙo "barka da zuwa" sau ɗaya ko sau biyu. Ta taga mahaucin yana hango wani aji, yara sun fi sittin, ba malami, suna jifan juna da takarda.

Da aka ce ko akwai mai ƙarin bayani, ya miƙe ya tafi gaba da bokitinsa. Ya shimfiɗa buhun a kan tebur, ya juye tumbin a kai. Ya wanke shi tun a mayanka, amma ƙarnin ya cika ɗakin nan take. Mata suka ja mayafi suka toshe hanci, shugaban ya tura kujerarsa baya.

"Malam," mahaucin ya ce wa malamin kimiyya, "matso mu ƙirga tare. Ga babbar, mai kamar tawul. Ga mai ramuka irin na saƙar zuma. Ga mai shafi-shafi kamar littafi. Ga ta ƙarshe, mai santsi. Nawa ke nan?"

Malamin saurayi ne, rigarsa ta sha guga. Ya leƙa daga nesa.

"Huɗu. Amma a takardar da na gada daga wanda na canja, biyu aka rubuta."

"Ba ka taɓa dubawa ba?"

"Ni lissafi na karanta, Baba. Kimiyyar haɗa mini aka yi."

Shugaban ya daki tebur, sannan ya tuna abin da ke kai, ya yi ta goge hannunsa da hankici.

"Mun ji, huɗu ne. Za a mayar mata da makinta. Amma hukuncin yana nan daram, domin mu nan tarbiyya muke sa wa a gaba. In kowane yaro zai riƙa gyara wa malami, ina makaranta take?"

"Ranka ya daɗe, shekara nawa ana koya wa yara biyu?"

"Wannan ba ya cikin jerin abin da muka zo tattaunawa."

Mahaucin ya juya ya dubi iyayen. Ya yi zaton ko mutum ɗaya zai buɗe baki. Wani mai shagon taya da suke gaisawa kullum ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Uwar nan mai safa ta ce don Allah a fitar da ƙazantar, zuciyarta na tashi. Ya tattara kayansa ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

Bayan sati guda Auta ta kawo takarda daga makaranta. An ƙara doka ta ashirin da uku: an hana iyaye shigowa da kowane irin kaya cikin harabar makaranta. An kuma tsayar da magana a kan farar safa.

Yana zaune a ƙofar ɗaki yana wasa wuƙa ya tambaye ta yadda karatu yake. Ta ce lafiya. Jiya ma malamin ya ce jemage tsuntsu ne.

"Me kika ce masa?"

"Ba komai, Baba. Na rubuta yadda ya faɗa, na ci goma bisa goma."

Ya ajiye wuƙar ya tofar da yawu gefe. Sannan ya kira matarsa, ya ce ta tambayi ƙanwarta ko makarantar da 'ya'yanta suke tana karɓar ɗalibai a tsakiyar zango.