Fuskar Malam Mita

Abdulbaƙi mai kayan waya ne, amma tun yana makaranta a Kano yake ganin kansa marubuci, kasuwa ce kawai ta yi masa shigar sauri. Ya daɗe a Guangzhou ta ƙasar Sin yana loda caja da murfin waya zuwa gida, alƙalami kuwa sai wajen sa hannu a kan kwali.

'Yarsa Firdausi ce ta tayar masa da tsohon ciwo. Ya saya mata wasu ƙananan littattafan yara na Turawa, irin na da can, kowane littafi mutum guda ne kuma sunansa shi ne halinsa. Yarinya ta haddace su tas. Abdulbaƙi ya juya su a hannu, ya ce me zai hana a yi namu da Hausa, ga maɗaba'a a garin nan kamar shagunan shayi? Ya zauna ya fitar da mutum huɗu: Malam Rowa, Malam Gaggawa, Hajiya Tsegumi da Malam Mita.

Ukun farko sun ba shi wahala. Malam Mita kuwa da kansa ya rubuta kansa, domin duk Juma'a Abdulbaƙi yana cin abinci da shi.

Baba Tankari sunansa, dattijo ne mutumin Maraɗi, mai sayen shadda da yadi a layin Guangyuan. Shi ne ya karɓi Abdulbaƙi ranar da ya sauka garin da jaka ɗaya da lambar wayar da ba ta shiga. Ya ba shi katifa a ɗakinsa, ya koya masa hawan jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari, ya koya masa yadda ake ce wa lawban, wato mai shago, kaya sun yi tsada. Duk wannan da mita ya yi shi, don Tankari bai iya alheri baki a rufe ba. In an sauko daga masallaci an hau benen Mero mai abinci a unguwar Dengfeng, shi ke buɗe taro: shinkafa ba ta dahu ba, lif ya fi raƙumi nawa, ruwan garin nan ko sabulu ba ya so. Mero ta rama, tebur ya ɗauki dariya. Mutane da yawa ba don tuwon suke hawa benen ba.

Abdulbaƙi ya kwashe maganganun nan kaf ya zuba a littafi, ko gishiri bai ƙara ba.

Mai zanen wata 'yar Sin ce, Lin, wadda ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ta nemi a turo mata hotuna ta ga irin hula da riga. Na sauran ukun, Abdulbaƙi ya tsinto mata hotunan mutanen da bai sani ba. Da aka zo kan Malam Mita sai ya buɗe hotunan Sallah, ya zaɓi na Tankari. Yana iya yanke fuskar ya bar hular, aikin ɗan yatsa ne. Bai yanke ba. Yana dariya ma ya tura.

Lin kuwa ba ta wasa da aiki. Da samfur ya iso, sai ga wani mutum kewayayye kamar ƙwallo, shuɗi, da hula ta karkace hagu, da tsaga uku a kowane kunci, da wushirya, da leɓen ƙasa a ture. Ko jariri ya gani ya san Tankari ne. Abdulbaƙi ya yi dariya har da hawaye, sannan ya tuna mai fuskar zai iya cin karo da ita. Ya lallashi kansa da cewa a Kano za a sayar, Tankari kuma ajami yake karantawa, bai yi boko ba, ko cinikinsa da saƙon murya yake yi. Da wannan ya ce a buga.

Ranar wata Asabar da la'asar, kwalayen littattafan suna jiran motar da za ta kai su tashar jirgin ruwa ta Huangpu, Tankari ya shigo ofishinsa yana faɗa da lif. Bai gama ba idonsa ya sauka a kan littafin Malam Mita da ke tebur. Ya ɗauki littafin ya kai kusa da fuska, ya nesanta shi, ya shafa kuncinsa.

“Baƙi, wanga ba ni ba ne?”

Abdulbaƙi ya ce e, shi ne.

Fuskar dattijon ta washe. Ya ce shi da ko a allo bai taɓa ganin sunansa ba, yau ga shi a littafi, hular ma ba a manta da karkatarta ba. Ya sa wa Abdulbaƙi albarka, ya sa wa iyayensa, ya ce ashe katifar nan ba ta tafi a banza ba. Sannan ya aza yatsa a kan manyan haruffan da ke sama.

“Mi anka rubuta nan?”

Nan ne ya kamata Abdulbaƙi ya faɗi gaskiya, ya sha faɗa, a wuce wurin. Tankari ya iya faɗa, kuma faɗansa ba ya kwana. Amma murnar da ke fuskar nan ta fi ƙarfinsa.

“Malam Haƙuri, Baba.”

Tankari ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce lalle yaron nan ya san shi, wa ya kai shi haƙuri da mutanen Sin da meyo-meyo ɗinsu, kome ka tambaya babu. Kafin Abdulbaƙi ya farga, ya zaro waya ya yi kiran bidiyo zuwa Maraɗi, inda hantsi bai daɗe da fitowa ba. Jikarsa Ramatou, wadda ke aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, ta bayyana, ƙannenta suna leƙowa ta kafaɗarta. Ya ɗaga littafin gaban waya, ya ce su dubi kakansu, ya ce ita mai karatu ta karanta wa kowa sunan da aka ba shi.

Abdulbaƙi ya miƙa hannu kamar zai gyara wayar. Ya makara. Yarinya ta haɗa baƙi da wasali a hankali, yadda aka koya mata, ta ce, “Ma-lam Mi-ta.” Yara suka tuntsure da dariya. Wata babbar murya a bayansu, ta kakarsu ce ko ta uwarsu, ta ce wallahi wanda ya sa sunan nan ya san shi.

Tankari ya yi musu ɗan murmushi, ya ce su gaida mutan gida, ya kashe waya. Ya jawo kujera ya zauna. Abdulbaƙi ya fara haɗa kalmomin ban haƙuri, dattijon ya ɗaga masa hannu, ya tura masa littafin.

“Karanta mani shi duka. Yadda yake, ba yadda kake so ba.”

Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya karanta. Shinkafa ba ta dahu ba. Lif ya fi raƙumi nawa. Ruwa ko sabulu ba ya so. Kowane shafi maganar Tankari ce, daga bakinsa aka ɗauko ta a kan teburin da shi ya fara kai Abdulbaƙi. A benen Mero abin dariya ne da kowa ke so. A takarda kuwa sai ya zama wani tsoho mai gundura, maƙwabta suna toshe kunne in sun hango shi. A shafin ƙarshe Malam Mita ya gane kurensa, ya daina mita, kowa a garin ya huta.

Tankari ya saurara har ƙarshe. Ya tambaya ko haka mutane suke ji da shi. Abdulbaƙi ya rantse ba haka ba ne, littafin yara ne, dole a ƙare shi da darasi. Ya ce zai sa Lin ta sake fuskar, zai hana kwalayen tafiya. Tankari ya ce ba sai ya yi asara ba, fuska ai ba ita ce maganar ba. Ya miƙe, ya gyara hularsa ta tsaya daidai a tsakiyar kai, ya yi sallama. Ko lif bai jira ba, ta matakala ya sauka.

Abdulbaƙi ya hana kwalayen tafiya duk da haka. Ya cire Malam Mita daga cikin jerin, ya jibge kwalayensa a lungun ofis ya rufa musu leda. Firdausi ta tambaye shi ina shuɗin mai hula, ya ce mata bai yi kyau ba. Ya aika wa Tankari saƙon murya mai tsawo, aka amsa masa da cewa ba kome, Allah ya yi albarka. Ya fi son a ce zagi aka aiko masa.

Ranar Juma'a ya hau benen Mero yana tsoron ya tarar da kujerar dattijon babu kowa. Tankari yana nan a wurinsa, ya amsa gaisuwa da fara'a, har ya matsa masa ya zauna. Abdulbaƙi ya ɗan ji sanyi a ransa.

Aka kawo abinci. Ranar kuwa gas ya ƙare wa Mero ana tsakiyar girki, shinkafar ta fito da tsakiyarta fari, tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Kowa ya kai loma ya dubi Tankari, ana ta ɓoye murmushi. Mero ma ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi, ta shirya amsarta.

Tankari ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya kurɓi ruwa.

“Alhamdu lillahi. Ta yi daɗi, Mero, sannu da aiki.”

Mero ta tsaya da ludayinta, ta tambaya ko Baba ba shi da lafiya ne. Ya ce lafiyarsa lau. Aka ci gaba da ci, ba a jin kome sai ƙarar cokula. Sharif mai takalma, wanda ke zaune kusa da Abdulbaƙi, ya sunkuyo ya tambaye shi a hankali ko ya san abin da ya sami dattijon.

Abdulbaƙi ya ƙura wa farantinsa ido, yana juya ɗanyar shinkafar da cokali.