Goggo Ta Manta Hausa

Naja'atu tana shekarar ƙarshe a jami'a a Kano, tana karantar Faransanci, aka kira ta daga Sule Tankarkar cewa ɓarin jikin Goggo Jannatu ya shanye. Goggo yayar mahaifinta ce, ita ta riƙe ta tun rasuwar iyayenta. Ta kwashi littattafan da ta tsara za ta karance kafin jarrabawa, ta hau motar Gumel.

Ta tarar da Goggo a kwance, baki ya karkace, amma tana magana. Sai dai ba Hausa take yi ba. Ciwon ya tafi da Hausar da ta yi shekara da shekaru tana sayar da fura da ita a kasuwa, ya bar mata Fulatancin da ta tashi da shi a ruga. Naja'atu kuwa a cikin gari ta girma, in ban da gaisuwa ba ta jin komai.

Da safe takan goge wa Goggo jiki, ta dama mata kunu, ta wanke zannuwa. In ta samu sarari ta buɗe littafi, kafin ta kai ƙarshen shafi Goggo ta kira ta. Sai ta yi ta miƙo abubuwa, buta, matashin kai, carbi, Goggo tana kawar da kai har ta fara hawaye.

Wata rana Naja'atu ta kira Kawu Sha'aibu, ƙanen Goggo, da ke tare da shanunsa a wajen Gagarawa, ta kara wa Goggo wayar a baki.

"Kawu, don Allah me take so?"

Ya saurari Goggo, sannan ya ce, "Ba ta son komai. Cewa take ki ci abinci, kin rame."

Daga nan ta riƙa kiransa tana koyon kalma ɗai-ɗai. Ta san ndiyam ruwa ne, kosam nono. Ranar da ta faɗi kosam daidai, Goggo ta yi dariya da rabin bakinta.

Jarrabawa ta matso, ko rabin littattafan ba ta taɓa ba. Sharifa, 'yar ajinsu, ta bugo ta ce, "In kika rasa jarrabawar baka, sai baɗi fa."

Kawu ya ce, "Je ki yi, 'yata. Zan turo Rabi ta zauna da ita." Rabi matarsa ce, tana jin Fulatanci.

Ranar tafiya Naja'atu ta durƙusa, ta gaya wa Goggo da Hausa cewa ba za ta daɗe ba. Goggo ta kama gefen mayafinta, ta yi magana mai tsawo. Rabi ta fita ɗebo ruwa, ɗan acaɓa kuma yana jira a ƙofar gida. Naja'atu ta ce, "To, Goggo," ta zare mayafin a hankali.

Tana fitowa daga jarrabawar ta kunna waya, kiran Kawu ya shigo. Numfashin Goggo ya sarƙe, an ɗauke ta za a kai ta asibiti a Gumel, ta cika a hanya. Kafin Naja'atu ta iso an kai ta makwancinta.

Dangi suka zo daga rugage, wasu ta Maigatari suka ƙetaro daga Nijar. Mata suka cika tsakar gida suna ba da labarin Goggo da Fulatanci, su yi kuka, can kuma wata ta faɗi wani abu su yi murmushi. Naja'atu tana zaune kusa da Rabi, in an dube ta sai ta ce amin.

Bayan sadakar uku Kawu ya rufe ɗakin Goggo, ya raka Naja'atu tasha, don akwai sauran jarrabawa a gabanta.